Lewis Hamilton: Gwanin Tuƙi Ne, Ko Mota Ce Ta Yi Masa Aiki?

 

Yau za mu ɗan ajiye ƙwallon ƙafa a gefe, mu leƙa tseren motoci na Formula 1. Mutumin da zan yi magana a kansa shi ne Lewis Hamilton, ɗan ƙasar Birtaniya, wanda ya ci kambun duniya sau 7. Akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa a kansa. Wasu suna cewa shi ne gwanin gwanaye. Wasu kuma suna cewa ai ba wani abu ba ne, mota mai kyau ya samu, ko wane ne aka ɗora a kanta zai ci. To ni yau so nake mu bi tarihin aikinsa daki-daki, mu ga ina gaskiyar take.

Amma kafin nan, bari in yi wa wanda bai saba kallon wasan ba ɗan bayani. A kakar 2025 ƙungiyoyi 10 ne a gasar, kowace tana da motoci 2. Wato kujeru 20 ke nan a duk duniya. Ku kwatanta da ƙwallo, inda ƙungiya ɗaya kaɗai take da 'yan wasa fiye da haka. Yawancin tsere yana kai kusan kilomita 305, motar kuma tana wuce gudun kilomita 300 a awa ɗaya. Idan direba ya taka birki ko ya sha kwana da wannan gudun, nauyin da ke danne jikinsa yana iya kai ninki biyar na nauyinsa. Shi ya sa za ku ga wuyansu ya yi kauri kamar na 'yan kokawa. A ranar da ake zafi, mutum yana iya fitowa daga mota ya rage kilo biyu zuwa uku saboda gumi. Sannan kowace ƙungiya ita take ƙera motarta, don haka motocin ba ɗaya ba ne. Ku riƙe wannan maganar ta ƙarshe, don a kanta muhawarar take.

An haifi Hamilton ranar 7 ga Janairu, 1985, a garin Stevenage da ke arewa da Landan. Mahaifinsa Anthony baƙar fata ne, iyayensa sun zo Ingila daga tsibirin Grenada. Mahaifiyarsa Carmen Baturiya ce. Yana ɗan shekara biyu iyayen suka rabu. Da motar wasa mai rimot ya fara, daga nan a 1993, yana da shekara 8, ya shiga tseren ƙananan motocin da ake kira kart. Kusan duk direban Formula 1 daga nan yake farawa.

To a nan ne matsalar take. Ƙwallon ƙafa, in kana da fili da ƙwallo ka fara ke nan. Tseren mota kuwa kuɗi yake ci tun ranar farko: inji, taya, mai, kuɗin shiga gasa, kuɗin tafiya. Kafin yaro ya taso daga kart ya iso bakin ƙofar Formula 1, maganar miliyoyin fam ake yi. Shi ya sa in kuka duba direbobin, da yawansu 'ya'yan attajirai ne ko 'ya'yan tsofaffin direbobi. Mahaifin Max Verstappen ya yi tsere a Formula 1. Mahaifin Nico Rosberg zakaran duniya ne na 1982. Mahaifin Lance Stroll hamshaƙin mai kuɗi ne da ya sayi ƙungiya sukutum. Ban ce ba su iya tuƙi ba fa, sun iya. Amma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Gidan su Hamilton ba su da wannan. Mahaifinsa ya riƙa haɗa ayyuka uku, wani lokacin har huɗu, don a samu na sayen taya da mai. Shi ne makanike, shi ne direban da ke kai shi filin tsere, shi ne koci. Hamilton da kansa ya sha ba da labarin yadda uban yake zuwa ya tsaya a daidai wurin da yaran da suka fi kowa gudu suke taka birki, sai ya ƙara matsawa gaba kaɗan, ya ce sai ka iso nan za ka taka. Yaro ya yi ta kaucewa daga hanya har ya iya. Daga baya jinkirta birki ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da aka san shi da su. Ko lamba 44 da yake amfani da ita har yau, daga lambar motar mahaifin nasa aka samo ta.

A 1995, yana da shekara 10, ya zama zakaran Birtaniya na ajin yara. A wurin bikin ba da kyaututtuka na ƙarshen shekarar sai ya tunkari Ron Dennis, shugaban ƙungiyar McLaren, ya ce ya sa masa hannu a littafi, kuma ya faɗa masa cewa wata rana yana so ya tuƙa motarsa. Dennis ya rubuta masa cewa ya kira shi nan da shekara tara. Ba a kai haka ba. A 1998 McLaren ta ɗauke shi cikin shirinta na matasan direbobi, yana da shekara 13, ta ɗauki nauyin kuɗin tserensa.

Ina so ku lura da wannan wurin sosai. Baiwar tana nan tun farko. Amma da ba don uban da ya hana kansa barci ba, da kuma ƙungiyar da ta buɗe aljihu, da wuya mu san sunansa yau. Yara nawa ne masu irin wannan baiwar da kuɗi suka ƙare musu a hanya suka koma gida? Ba wanda ya ƙirga su.

Shi kuma bai yi wasa da damar ba. A 2003 ya ci gasar Formula Renault ta Birtaniya. A 2005 ya ci Formula 3 ta Turai, inda ya lashe tsere 15 cikin 20. A 2006 ya ci GP2, matakin ƙarshe kafin babbar gasa. A 2007 McLaren ta ba shi kujera, ya zama baƙar fata na farko da ya yi tsere a Formula 1.

Wa aka haɗa shi da shi? Fernando Alonso, wanda ya ci kambun duniya a 2005 da 2006. A wannan wasan, abokin tuƙinka na ƙungiya ɗaya shi ne babban ma'auninka, tunda mota iri ɗaya kuke tuƙawa. Kowa ya ɗauka yaro zai zo ya koyi aiki ne a bayan oga. Ina! Tserensa na farko a Ostireliya ya zo na uku. Tsere tara na farko a jere bai fita daga cikin ukun farko ba. Ya ci na farko a Kanada. Saura tsere biyu a gama kaka, yana gaban Kimi Räikkönen na Ferrari da maki 17, alhali maki 20 ne suka rage gaba ɗaya.

Sai aka je ƙasar Sin. Ƙungiyar ta bar shi a kan hanya da tayoyin da suka cinye har zare ya fito, da ya zo shiga gareji don a sauya, motar ta zame ta maƙale cikin tsakuwa. Ya tashi ba maki. A Barazil kuma giyar motar ta yi masa gardama na ɗan lokaci, ya ƙare na bakwai. Räikkönen ya ɗauki kambu da maki 110, Hamilton da Alonso kowa 109. Maki ɗaya tal.

Shekarar 2008 ta fara masa da abin takaici. A watan Fabrairu, lokacin gwajin motoci kusa da Barcelona a Sifaniya, wasu 'yan kallo suka shafa baƙin fenti a fuska suna yi masa ba'a saboda launin fatarsa. Bai tsaya ba. A watan Yuli, a filin Silverstone na ƙasarsa, cikin ruwan sama mai ƙarfi da ya riƙa juya motoci, ya ci tsere da tazarar fiye da minti ɗaya. A wasan da ake lissafi da daƙiƙa, minti ɗaya kamar ka ci ƙwallo bakwai ne ba ko ɗaya.

Ƙarshen kakar kuma aka sake komawa Barazil. Felipe Massa na Ferrari, ɗan ƙasar, yana gaba. In Massa ya ci, Hamilton yana buƙatar ya zo na biyar. Ana dab da gamawa ruwa ya sauko, Sebastian Vettel ya wuce shi, ya koma na shida. Massa ya tsallake layi, danginsa suka fara murna a gareji. Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Timo Glock, wanda bai sauya zuwa tayar ruwa ba, motarsa ta riƙa santsi, a kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe Hamilton ya wuce shi. Maki 98 da 97. Wanda ya rasa kambu da maki ɗaya bara, ya same shi da maki ɗaya bana, yana da shekara 23. A lokacin shi ne zakara mafi ƙarancin shekaru a tarihin gasar.

Daga nan fa sai abubuwa suka tsaya. Daga 2009 zuwa 2012 yana cin tsere jefi-jefi, amma kambu ya gagara. Ƙungiyar Red Bull da Vettel suka mamaye gasar tun daga 2010. Direba bai canza ba, amma motarsa ba ita ce kan gaba ba, wani lokacin kuma ta lalace masa yana jagoranci, kamar yadda ta yi a Singafo a 2012.

A ganina, shawara mafi girma da ya yanke a rayuwar aikinsa ba a kan sitiyari ya yanke ta ba. A ƙarshen 2012 ya bar McLaren, gidan da ya raine shi tun yana ɗan shekara 13, ya koma Mercedes. A shekarar McLaren ta ci tsere 7. Ita kuwa Mercedes, tun dawowarta gasar a 2010, tsere ɗaya kacal ta taɓa ci. Masu sharhi da dama suka ce kuɗi ya bi, ya kashe kansa. Amma Niki Lauda, tsohon zakaran duniya sau uku da ke cikin shugabannin Mercedes, da Ross Brawn mai jagorantar ƙungiyar, sun nuna masa abin da ke tafe: a 2014 za a sauya doka, a koma sabon inji mai haɗa fetur da lantarki, kuma Mercedes ta daɗe tana shiri a kai.

Kun san me ya biyo baya? McLaren ba ta sake cin tsere ko ɗaya ba sai a 2021. Mercedes kuwa ta ci kambun ƙungiyoyi sau 8 a jere, daga 2014 zuwa 2021. Hamilton ya ɗauki kambun direbobi a 2014, 2015, 2017, 2018, 2019 da 2020. Wanda ya kuɓuce masa a tsakani shi ne na 2016, kuma abokin tuƙinsa Nico Rosberg ne ya ɗauka da tazarar maki 5, a shekarar da injin Hamilton ya kama wuta yana jagoranci a Malesiya. Kwana biyar bayan nan Rosberg ya ce ya yi ritaya, ya kuma bayyana irin wahalar da ya sha kafin ya kai ga wannan nasarar.

To yanzu mu zo kan tambayarmu. Masu cewa mota ce suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. A Disambar 2020 Hamilton ya kamu da korona, aka ɗauko George Russell daga Williams, ƙungiyar da ke can ƙarshen teburi, aka ɗora shi a motar a Bahrain. Yaron nan ya jagoranci yawancin tseren, kuma da ba don kuskuren taya a gareji da faci da ya samu daga baya ba, da ya ci. Mutumin da bai samu maki ko ɗaya da motarsa ba a kakar, rana ɗaya ya kusa cin tsere. Wannan ya nuna ƙarfin motar.

Amma su ma ɗaya ɓangaren suna da tasu hujjar. Makonni uku kafin nan, a Turkiyya, hanya sabuwar kwalta ce mai santsi, ga ruwa, Mercedes ba ta da gudu a ranar neman gurbi, Hamilton ya tashi daga na shida. Ya lallaɓa tayoyinsa, ya ƙi shiga gareji a ƙarshe, ya ci da tazarar fiye da daƙiƙa 30. Abokin tuƙinsa Valtteri Bottas, a cikin mota iri ɗaya, ya yi ta juyawa a hanya, har Hamilton ya zagaye shi. A ranar ya kamo Michael Schumacher da kambu 7. A shekarar ne kuma ya ci tsere a Silverstone da taya uku, bayan ta gaba ta fashe a zagayen ƙarshe.

Ni abin da na fahimta shi ne, ba a cin kambu da mota marar gudu, ko kai wane ne. Alonso gwani ne, amma tun 2006 bai sake ɗaukar kambu ba, kuma babban dalili shi ne bai sake dacewa da motar da ta fi kowace ba. Sai dai ita ma mota mafi kyau ba a ba wa kowa ita. Ƙungiyar da ke da ma'aikata wajen dubu, ta kashe miliyoyi, ba za ta miƙa makulli ga wanda ba ta yarda da shi ba. Samun kujerar, riƙe ta shekara 12, da kayar da wanda ke tuƙa irinta a gefenka, duk suna cikin gwanintar.

Akwai kuma abin da ba ya hannun direba ba ya hannun mota. Ranar 12 ga Disamba, 2021, a Abu Dhabi, Hamilton da Verstappen suka shiga tseren ƙarshe da maki daidai wa daida, 369.5 kowannensu. Hamilton ya jagoranci kusan duk tseren. Saura zagaye biyar, Nicholas Latifi ya yi haɗari, aka fito da motar tsaro, wadda ke shiga gaba kowa ya bi ta a hankali har a share hanya. Verstappen ya shiga gareji ya sa sababbin tayoyi. Hamilton bai shiga ba, don kada ya rasa matsayinsa. Sai daraktan tsere, Michael Masi, ya ba motoci biyar ɗin da ke tsakanin su biyun izinin wucewa, ya bar sauran da aka zagaye a inda suke, ya kuma janye motar tsaro da wuri don a samu zagaye ɗaya na tsere. Sabuwar taya da tsohuwa, ai ba gasa. Verstappen ya wuce, ya ɗauki kambu. Daga baya hukumar FIA mai kula da wasan ta ce an yi kuskure irin na ɗan Adam wajen aiki da doka, aka sauke Masi daga muƙamin, amma sakamako ya tsaya yadda yake.

Abin da ya fi burge ni a ranar shi ne abin da ya yi bayan ya fito daga mota. Ya je ya yi wa Verstappen murna, mahaifinsa ma ya yi haka. Kambu na takwas, wanda ba wanda ya taɓa kaiwa, ya suɓuce masa ta wannan hanyar, amma ya riƙe kansa. Kwana uku bayan nan aka naɗa shi Sir Lewis Hamilton a fadar Windsor.

A 2022 aka sake sauya dokar ƙira, wannan karon Mercedes ta yi kuskuren lissafi. Motar tana tsalle a kan hanya har direbobi suna kukan ciwon baya. A karon farko a aikinsa ya gama kaka bai ci tsere ba, haka ma 2023. Sai a Yulin 2024, bayan kwana 945, ya sake ci a Silverstone, karo na tara a wannan filin, ya fashe da kuka a rediyon mota. Da nasarar Beljiyam a ƙarshen watan, jimillar tseren da ya ci ta kai 105, alhali tsohon tarihin Schumacher 91 ne. A 2025, yana da shekara 40, ya koma Ferrari. Ya ci gajeren tsere na ranar Asabar a ƙasar Sin a watan Maris, amma gaba ɗaya shekarar farkon ta yi masa nauyi. Irin cacar da ya yi a 2012 ya sake yi, kuma ba kullum take biya nan take ba.

Abu na ƙarshe da nake so in taɓo shi ne ƙofar da ya shigo ta cikinta. Tun 2007 har zuwa kakar 2025, shi kaɗai ne baƙar fata da ya yi tsere a Formula 1. Ya kafa kwamitin bincike tare da cibiyar injiniyoyi ta Birtaniya don gano dalilin da ya sa baƙaƙen fata ba su da yawa a harkar, rahoton ya fito a 2021. A shekarar ya kafa gidauniyar Mission 44, ya yi alƙawarin fam miliyan 20 daga aljihunsa don tallafa wa matasa marasa galihu a karatu da neman aiki. Ya kuma daɗe yana kira a dawo da tsere Afirka, inda rabon da a yi tun 1993 a filin Kyalami na Afirka ta Kudu.

Ga matashin da ke saurarona yana sha'awar wannan harka, ga abin da zan ce. Kujerun tuƙi kaɗan ne, hanyarsu kuma tana da tsada. Amma a bayan kowace mota akwai ɗaruruwan mutane: injiniyoyin inji, masu nazarin iska, masu rubuta manhajar kwamfuta, masu lissafin lokacin sauya taya, da makanikai kusan 20 da ke sauya tayoyi huɗu cikin daƙiƙa biyu da ɗoriya. Yawancin waɗannan ayyukan ta hanyar lissafi da kimiyya ake shigarsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kambun Hamilton bakwai ɗin nan akwai gumin waɗannan mutanen a cikin kowane.

To jama'a, ku fa? In aka ba ku zaɓi, wa za ku ɗora a gaba tsakanin Hamilton, Schumacher da Verstappen, kuma da wace hujja? Abin da ya faru a Abu Dhabi kuma, kuskure ne kawai ko an zalunce shi? Ku rubuto mana ra'ayinku a ƙasa, zan karanto wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wanda ya ji daɗin shirin ya tura wa abokinsa mai son motoci.